Kuɗin aikin idon Baban rediyo: a tura ko a dakata?

Abu Hafsa Misfala:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Na san kowa ya ga abin da ke yawo tun daren Talata a kan Babanmu na rediyo. Ba zan kama suna ba, kuma dan Allah kar wanda ya kama, ko nasa ko na matan ko na gidan rediyon, duk mun san wa ake nufi. Abin da ya sa na tada maganar, kuɗin nan ne da muka haɗa bayan sallah don aikin idonsa, har yau suna hannuna ina jiran ɗansa ya turo lambar asusu. To ga mata uku da suka yi wasan kwaikwayo a ƙarƙashinsa sun fito sun ce yakan tsare su a situdiyo bayan an tashi aiki yana kai musu hannu, wadda ta ƙi sai a cire ta daga shiri. Gidan rediyon ya dakatar da shirinsa ya ce ya kafa kwamiti, shi kuma ya saki murya yana rantsuwa sharri ne. Ni dai amana ce a wuyana. In tura, in riƙe, ko in mayar wa kowa nasa?

Direban Jidda:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka tura kawai, wace irin tambaya ce wannan. Wlh ni tun da na ji muryar nan da ya saki jikina ya mutu, mutum ya haura saba'in muryarsa na rawa yana rantsuwa da Allah, me kuma ake so ya yi? Ku yaran yanzu ba za ku gane ba, lokacin da na zo ƙasar nan ta Saudiyya ko Larabcin sayen tamis da ful ban iya ba, muna kwance a unguwar Karantina ta Jidda mu da yawa a ɗaki ɗaya, ba WhatsApp ba komai, kiran gida sai ka je kabina ka ƙirga riyal, abin da ke haɗa mu da gida ɗan rediyon nan ne mai gajeren zango da muka ɗaura wa waya har kan rufi, sai kasakasan da alhazai ke taho mana da su. Ranar da ya karanta gaisuwata zuwa ga mahaifiyata, ƙanina ya ce sai da ta yi kuka a tsakar gida, mata suka yi ta shigowa yi mata barka kaman an yi haihuwa. Karantinar ma an rushe ta, tsohuwar ta rasu, muryar nan ce kaɗai ta rage min, ita ma yanzu a ce a ɓata min ita?

Yar Madina:
Allah ya ji ƙan Inna, Baba Direba. Amma duk abin da ka lissafa alherin da ya yi maka ne kai, ba shaida ba ce a kan abin da ya faru a ɗakin da ba ka ciki. Ni ma da muryarsa aka raine ni.

Direban Jidda:
Ke kina cikin ɗakin ne?

Yar Madina:
Ba na ciki, shi ya sa ban ce ya yi ba. Kai ne ka riga ka ce bai yi ba.

Malam Rusaifa:
Jama'a a ji tsoron Allah, harshe ne ke kifa mutane a wuta. Allah ya ce a suratul Hujurati aya ta 6 in aka zo muku da labari ku bincika, kar ku cutar da wasu cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. A suratun Nuri kuma wanda ya jefi kamamme bai zo da shaidu huɗu ba bulala tamanin ce, kuma ba a ƙara karɓar shaidarsa. Uwar muminai Nana A'isha ma an yi mata ƙage, har wasu mutanen kirki suka ɗauka suna yaɗawa, wajen wata guda Madina na cikin ruɗu kafin wahayi ya wanke ta. Kenan yawan masu faɗa ba ya mai da magana gaskiya. A tura masa kuɗinsa, a kame baki.

Ummu Sudais:
Allah ya gafarta Malam, ina neman afuwa, ɗaliba ce ni a gabanka. Amma shaidu huɗu ai a kan tuhumar zina ne, su kuwa bayin Allan nan ba su ce an yi zina ba, cewa suka yi an kai musu hannu an yi musu barazana da abincinsu, wannan babin ta'aziri ne, wato hukuncin da aka bar wa alƙali ya ƙaddara, alƙali yana duba alamomi da saƙonni da maganar waɗanda suka sani. Annabi Yusuf ma da yagewar riga ta baya aka gane mai gaskiya. Sannan ga aya ta 148 a suratun Nisa'i, Allah ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Hindu bint Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyana gaban Manzon Allah SAW ta ce marowaci ne, bai ce ta yi giba ba. Abin da ke damuna kullum ayar Hujurati a kan mace ake karanta ta, ban taɓa ji an karanta ta a kan rantsuwar namiji ba.

Malam Rusaifa:
Malama kin yi gaskiya a rabe-raben nan, ban musa ba. Amma ki lura Hindu wurin mai hukunci ta je, ba kasuwa ta shiga tana shela ba. Facebook ba kotu ba ce.

Bakano a Riyad:
Akaramakallahu wace kotun? Yarinya yar shekara ashirin mai karɓar ɗan alawus ta kai ƙarar mutumin da sarakuna ke aiko masa da rago? Ɗaya daga cikinsu ai ta faɗa a bayaninta cewa ta kai kuka wurin shugaban sashe tun a lokacin, aka ce ta rufa wa kanta asiri, Baba ne, wasa yake yi. Ku tuna 2019 da aka yi ArewaMeToo, mata suka fara faɗin abin da ya same su, ƙarshe Maryam Awaisu da ke taimaka musu ita yan sanda suka je suka kama a Kaduna. Dokar VAPP ta hana cin zarafin mutane a Najeriya tun 2015 aka sa mata hannu, amma Abuja kaɗai ta shafa sai jiha ta ga dama ta ɗauka. Wanda aka toshe wa ƙofa dole ya yi ihu ta taga.

Tela Jarwal:
Ni fa mutumin nan a gidana ya sauka da ya zo umara, da hannuna na ɗinka masa jallabiya. Wlh tallahi sallar dare ba ta wuce shi, ƙarfe uku zai tashe ni mu tafi Harami. Da zai tafi ya kira yarana ɗaya bayan ɗaya ya sa musu albarka. Ban ga komai ba sai alheri. Wannan aikin maƙiya ne, kowa ya san ya taɓa wasu manya a shirinsa kafin zaɓe.

Hajja Kaka:
hmm

Tela Jarwal:
Hajja wannan hmm ɗin fa?

Hajja Kaka:
Ba komai ɗana. A wancan zuwan nasa dai ni na yi masa tuwo, kuma ban bar yan matana sun kai ba, jikana namiji na aika. Wata yar garinsu da ke aikatau a Aziziyya ce ta ja ni gefe ta ce Hajja a riƙa kula. Iyakar abin da na sani kenan, ban ƙara ba ban rage ba. Kuma na ci gaba da jin shirinsa ina dariya har haƙorin Makka ya fito, ba zan ɓoye ba.

Abu Turki 77:
Tooo. Ruwa dai ba ya tsami banza

Injiniya Dammam:
Da girmanki Hajja, amma irin wannan ne ke ba ni tsoro. Yanzu kowa zai fara tuno abin da bai gani ba, wata ta ce wata ta ce. Gobe wani zai ce shi ma ya lura da irin kallon da yake yi. Shekara nawa ba wanda ya ce uffan, sai yau da idonsa ya mutu ba ya iya kare kansa? Ni tambayata kenan, me ya sa sai yanzu?

Maman Ilham:
Injiniya bari in ba ka amsar me ya sa sai yanzu, don ni na san ta a jikina. Na yi shagala, wato aikatau, a wani gida, ba zan faɗi gari ba, akwai tsoho a gidan wanda duk wanda ya shigo sai ya sumbaci kansa, carbi ba ya barin hannunsa. In matan gida suka fita sai ya biyo ni madafa. Da kujera nake tokare ƙofa in zan kwanta. Wa zan gaya wa? Matarsa, ta ce na yi wa mijinta sharri ta haɗa ni da shurɗa, wato yan sanda? Fasfona na hannunsu, ga yara a gida ana jiran kuɗin makaranta. Na haɗiye na fita da sunan rashin lafiya. Ko mijina sai da muka yi shekaru na iya faɗa masa, shi ma ranar sai da na yi zazzaɓi. Mace ba ta fitowa sai ta ga ba abin da za a ƙara ƙwace mata, ko ta ji wata ta riga ta fara. Ban ce Baba ya yi ba, Allah shi ne masani, amma dan Allah ku daina wannan tambayar, tana ƙona rai.

Ummu Sudais:
Allah ya saka miki Anti. Allah ya isar miki.

Injiniya Dammam:
Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, wlh ban yi don in fama miki ciwo ba. Sai dai har yanzu wancan tsohon daban, wannan daban.

Abu Turki 77:
Ga hoton ɗaya daga cikinsu nan an turo min, ku dubi shigarta fa ku ce min wannan ce za a yarda da ita

Adimin:
Na goge. Abu Turki wannan gargaɗin farko ne kuma na ƙarshe. Ba a gida muke ba jama'a, dokar laifukan intanet ta ƙasar nan ɓata suna ta waya ɗaurin da zai kai shekara ɗaya ne ko tarar da za ta kai riyal 500,000 ko duka biyun, kuma igamar mutum, wato takardar izinin zamansa, na iya tafiya a kai. Ba hoton matan, ba nasa. Kuma shigarta ba ita aka tambaye mu ba.

Bakano a Riyad:
Tunda Adimin ya taɓo doka, ku dubi tsarin da aka yi a nan a 2018 kan cin zarafi irin wannan. Ɗauri har shekara 2 da tara har riyal 100,000, in kuma a wurin aiki ne ko mai laifin yana da iko a kan wadda ya yi wa, ya kai shekara 5 da riyal 300,000. Kuma wanda ya kai ƙarar ƙarya don sharri shi ma hukuncin ne a kansa. Ka ga an tsare kowane ɓangare.
Ba mu kaɗai abin nan ya taɓa samu ba. A Ingila akwai Jimmy Savile na BBC, rediyo da talabijin, ya tara wa asibitoci kuɗi masu yawa har Sarauniya ta ba shi lambar girma, ya mutu a 2011 aka yi masa jana'iza ta alfarma, a 2012 asiri ya tonu, ɗaruruwan mutane suka fito, kuma aka gano an sha kai ƙorafi ana share shi saboda girmansa. Amma a cikin wannan guguwar aka kama wani mai gabatar da shiri Paul Gambaccini a 2013, ya shekara a kan beli sunansa na yawo a jaridu, ƙarshe ba a tuhume shi da komai ba. Duka biyun sun faru, a ƙasa ɗaya, a lokaci ɗaya. Shi ya sa ni na kasa tsayawa gefe guda.

Direban Jidda:
Kai Bakano kullum sai ka kai mu Ingila, mu da ko Ɗa'if sai da dalili muke zuwa hhh. Amma na biyun nan da ka faɗa shi nake ji wa Baba.

Yar Madina:
Na farkon kuma ka tsallake shi ko Baba Direba

Ɗan Mai Wurno:
Salamu alaikum yan uwa, sai yanzu na samu shabaka. Mu a Sudan tun kakanni muryoyin rediyon gida ne ke riƙe mana Hausa, tsofaffinmu a bakin kogi da yamma ana shan jabana ana jin sa, wasu ba su taɓa taka Najeriya ba amma sun san barkwancinsa kalma kalma. Na ji zafin labarin nan sosai. Amma in faɗi gaskiya, tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 mutanenmu suka watse, wasu Gadarif wasu Kasala wasu Bur Sudan, akwai masu ciwon suga da ba su da allura. In kun rasa inda za ku kai kuɗin, ga inda ba shakka a cikinsa.

Tela Jarwal:
Allah ya kawo muku sauƙi ɗan uwa, wlh kuna ranmu. Amma wannan a buɗe masa asusu daban, ni zan fara sakawa. Kar a haɗa.

Malam Rusaifa:
Tela ya yi daidai. Abu Hafsa wakili ne ba mai kuɗi ba, abin da aka ba shi don ido ba shi da ikon juya shi wani wuri sai da izinin waɗanda suka bayar, ko da wurin ya fi lada. Kuma ko an tabbatar mutum mai laifi ne ba a hana shi magani, fursuna ma ana kai shi asibiti. An gafarta wa mace saboda ta shayar da kare, balle ɗan Adam musulmi tsoho.

Ummu Sudais:
A nan ina tare da Malam ɗari bisa ɗari, magani daban hukunci daban. Abin da ba na so shi ne a tura da sunan guruf a haɗa da wasiƙar nan ta yabo da aka rubuta, gobe a karanta a wani shiri a ce Hausawan Saudiyya sun ce suna bayansa. Matan nan za su ji, kuma za su gane da su ake.

Sadiya Hindawiyya:
Ni wani abu ne ya dame ni daban. Mijina ya juye tsofaffin kasakasan Baba a waya, muna sa wa yara a mota don Hausarsu ta zauna, kun san yaran nan da aka haifa a nan Larabci ke cinye musu harshe. Jiya na kunna wanda yake fitowa a tsoho mai bin yan talla yana cewa zo nan jikata in ba ki kuɗin kashewa, wanda da muke faɗuwa ƙasa don dariya, wlh sai na ji tsigar jikina ta tashi na kashe. Yata ta ce Mama lesh, wato me ya sa? Na rasa me zan ce mata. Wasa ne fa na sani, ƙila ma wani ya rubuta masa, amma kunnena ya riga ya canza. In goge ne ko in ajiye?

Bakano a Riyad:
Anti Sadiya a Amurka ma an yi wannan rigimar. Wani tsoho Garrison Keillor da ya fara shirinsa na barkwanci da kiɗa tun 1974, a 2017 gidan rediyon Minnesota ya yanke hulɗa da shi kan zargin wata da suka yi aiki tare, shi ya musa, suka sauke tsofaffin shirye-shiryensa daga intanet, masu sauraro suka yi ca, a 2018 aka sasanta aka mayar. Ni dai ba zan goge ba. Shirin ba nasa ne shi kaɗai ba, akwai makaɗa, akwai marubuta, akwai muryoyin matan nan su kansu a ciki.

Sadiya Hindawiyya:
Kai wannan na ƙarshen ya ƙara dagula min lissafi. Kenan duk dariyar nan da muke yi muryarsu na ciki

Hajja Kaka:
Ni matarsa nake tausayi. Baiwar Allah mai kunya, ko a taron biki ba ka jin muryarta. Yanzu da wane ido za ta shiga mutane. Ko ya yi ko bai yi ba ita ta riga ta sha.

Injiniya Dammam:
Mu koma kan tambayar Abu Hafsa kar dare ya yi. Shawarata a nemi asibitin a biya su kai tsaye a karɓi rasit, ba wasiƙa ba sanarwa ba hoto. Wanda ransa bai kwanta ba a mayar masa da nasa ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Maman Ilham:
Ni a mayar min da nawa. Ba don ina masa fatan makanta ba, Allah ya ba shi lafiya. Guminna ne, kuma na san a irin gidan da na samo shi.

Direban Jidda:
Alhaji duk wanda ya janye ka faɗa min adadin, ni zan cike ko da zan ƙara dawam, wato lokacin aiki, na wata guda.

Yar Madina:
Nawa kuma in da hali a kai wa matan, ko kuɗin lauya ne. Su ba wanda ya buɗe musu asusu.

Malam Rusaifa:
Wannan ki karɓi abinki ki aika da hannunki yata, kar a ɗora wa Abu Hafsa.

Abu Hafsa Misfala:
Na ji kowa, Allah ya saka. Wanda ke son nasa ya yi min magana ta gefe kafin Juma'a, ba zan faɗa wa kowa sunansa ba. Wasiƙar na ajiye ta tukuna. Sauran kuma wlh har yanzu ban san ko asibiti zan biya ko in jira kwamitin nan ba, ɗan nasa ma ya kira ni ɗazu ban ɗauka ba don ban san me zan ce masa ba.

Tela Jarwal:
Ka ɗauka Alhaji, yaron me ya yi. Ido kuma ba ya jiran kwamiti.

Yar Madina:
Wai kwamitin ma su waye a ciki? In yaransa ne da ya koya wa aiki suka zama shugabanni a gidan to an gama magana tun ba a fara ba. Akwai mace ko ɗaya a ciki? Akwai wani daga waje?

Direban Jidda:
Ka ji ta ko. Kin fara shirya ƙin yarda tun kafin su zauna. Ki faɗa min tsakaninki da Allah, in suka ce bai yi ba za ki karɓa?

Yar Madina:
In suka ce ya yi kai za ka karɓa Baba Direba, ko maƙiya ne suka saye su?

Direban Jidda:
Ni na fara tambaya. Ga fasinja na samu zuwa maɗar, filin jirgi, in na sauke shi ina jiran amsarki.